Shekarar da Aka Killace Fadama

Kun taso kuna jin magana iri biyu a kan abin da ya shiga tsakanina da mahaifina, kakanku Liman. 'Yan'uwana suna cewa siyasa ce ta ɗebe mini hankali har na juya wa ubana baya. Abokan mahaifinku kuwa, in hira ta yi daɗi, sai su ce tsohon mutumin maigari ne, shi ya sa albarka a kan abin da aka ƙwace wa talakawa. Na daɗe ina jin duka biyun ina yin shiru, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma ba na son tayar da abin da ya kwanta. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya. Saboda haka zan faɗa muku abin da na gani da idona, da wanda na ji daga bakin da ban taɓa kamawa da ƙarya ba.

Sa'ad da nake yarinya abu biyu ne ke riƙe da garinmu, jirgin ƙasa na Kaura da fadamar bakin gulbi. Da an gama girbin gero da dawa, sai mazan gari su rabu. Wasu su nufi Kaura su yi dako a tasha, suna lodin gyaɗa da auduga, su dawo da atamfa da gishiri da kananzir. Sauran su gangara fadama. Ban daɗe da aure ba jirgin ya soma wasa da mutane, yau ya zo gobe babu shi, har aka gaji aka daina jiransa. Masu tafiya Kaura suka dawo gida suka raɓu da 'yan'uwansu a fadama, kowa ya sami ɗan wurin da zai sa albasa ko rake ko dankali. Babu mai takarda, amma kowane gida ya san iyakarsa tun daga kakanni. Ta gabashinta akwai mashaya, inda Fulanin rugagen bayan gari ke shayar da shanu, mu ma mata can muke wanki da ɗibar ruwa idan rijiyoyi sun ja baya. Mahaifinku albasa yake nomawa. Ran Alhamis ya ɗora ta a mota zuwa kasuwar Shinkafi, ya dawo da yamma a gajiye, da ɗan tsire a takarda domin ku.

Wannan rana ta Alhamis ita ce ranata da mahaifina. A cikin 'ya'yansa maza babu wanda ya riƙi karatu, sai ya juyo kaina tun ina ƙarama. Ko bayan aurena bai sallame ni ba. Da mahaifinku ya tafi kasuwa, sai in ɗauki littafina in tafi gida, in zauna a gefen buzunsa, yana biya mini fiƙihu layi bayan layi. Abin da na samo a wurinsa shi nake raba wa matan aure a tsakar gidana bayan azahar. Shi ya sa mutanen gari ke kirana Malama. Shi kuwa har ya rasu Kulu yake ce mini.

Wata safiya bayan ruwa ya janye, irin albasa ya tsiro ana shirin dashe, sai motoci suka gangara fadama da baƙin mutane da turakun siminti. Kafin azahar labari ya gama gari, wai an ba wani Alhaji na birni fadamar, zai yi noman rani da injin ban ruwa, kuma maigari ya sa hannu. Ba a jima ba aka kewaye ta da waya mai ƙaya, har da mashayar. Ina tuna dawowar mahaifinku a ranar. Ya jingine fartanya a jikin rumbu, ya zauna a kan turmi, na kawo fura bai ko dubi ƙwaryar ba. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, ranar ma bai ɗaga ba. Cewa kawai ya yi irin nasa yana can cikin waya, kuma mai gadi ya hana shi ko ya tumɓuko.

Ranar da aka kunna injin, maigari ya aiko a kira Liman ya yi addu'a, kuma ya je ya yi. A wannan watan ne Alhajin ya rufe masallacin Juma'a da sabon kwano. Daga nan maganar da kuke ji ta samo asali, don haka ku saurara. Rufin masallacin ya yi shekaru yana yoyo, an yi ta bin gida-gida ba a haɗa abin gyara ba. Kakanku bai ci ko ƙwayar gero daga hannun mutumin nan ba. Butarsa ta da ita ce butarsa, rigarsa ta Juma'a ita ce dai wadda na sha ɗinke wa aljihu. Abin da ya yi imani da shi tun yana saurayi shi ne, idan hukuma ta yanke magana, aikin malami ya yi nasiha a ɓoye ya kwantar da hankalin jama'a, domin ya ga abin da fitina ke yi wa gari kuma yana tsoronta fiye da yunwa.

A lokacin akwai wani matashi, Malam Isiya, ɗan sarkin fawa, wanda ya yi karatu a nesa ya dawo. Ya yi shekaru yana wa'azi a gindin durumin bakin tasha bayan la'asar, a kan gyara salla da barin bidi'o'in biki da suna. Masu zama wurinsa ba su cika tabarma biyu ba, mutane kuma dariya suke yi masa. Sai ga shi a makon da aka ja waya ya tashi ya ce addinin Musulunci bai yarda mutum ɗaya ya killace ruwan sha da makiyaya ya bar jama'a ba, kuma wanda ya yi shiru a kan zalunci za a tambaye shi. Kafin wata ya mutu taronsa ya toshe hanyar mota. Na sha yin tunani a kan wannan. Mutumin nan bai sake ba, muryarsa ce ta da, karatunsa ne na da, amma sai da ciki ya taɓu aka saurare shi. Ta ɗaya gefen kuma, mutanen nan sun ga mutuwar jirgi, sun ga fari, sun sha haraji, ba wanda ya motsa. Abin da ya tashe su tsaye shi ne da aka ce musu abin da aka yi musu yana da suna a wurin Allah, kuma neman hakkinsu ba rashin kunya ba ne. Duk wanda ya ce muku yunwa ce kaɗai, ko addini ne kaɗai, bai zauna garinmu a shekarar ba.

Shekarar ce kuma kiran Shari'a ya cika ƙasar nan, ga zaɓe ya ƙarato. A bakin mutanenmu Shari'a tana nufin alƙalin da ba ya duban rigar mutum, da mudun da ba a danne masa gindi ba, da fadama ta dawo. Jama'ar durumi suka tsayar da Malam Isiya takarar kansila, maigari kuma ya tsayar da ɗan ƙanensa. Mahaifinku ya daɗe yana kai da komowa kafin ya je taron durumi, domin a gaban kakanku ya sauke Alƙur'ani, kuma a bayansa yake salla. Ranar da ya yanke shawara ya same ni ina tankaɗe.

"Malama, yau za ni durumi," in ji shi. "Ban bar Baba Liman ba, kuma ba ni barin sahunsa. Amma ban iya zama ina kallon ɗiyana ina ce musu su yi haƙuri."

Na ce masa Allah ya kiyaye hanya. Na ɗauka iyakar rabona a maganar ke nan.

Ashe tana tafe har tsakar gidana. Matan da nake koyarwa suka daina riƙe karatu, da an buɗe littafi sai zance ya koma fadama. Akwai Ige, gwauruwa mai marayu, wadda ɗan raken da mijinta ya bari shi ne abincinsu. Akwai Yaha, Bafillatana mai kawo mini nono, wadda ke tsayawa ta koyi Fatiha da ƙananan surori kafin ta koma ruga. Ta ce shanunsu sun rame da tafiyar neman ruwa, mijinta yana maganar su tashi su nufi wajen Jangeru. Sai kuma maigari ya aiko jakadiyarsa gida-gida, wai duk matar da ta jefa wa ɗan mahauci ƙuri'a ta saɓa wa shugaba, wanda ya saɓa wa shugaba kuwa ya saɓa wa Allah. Ranar Ige ta rufe allonta ta dube ni.

"Malama, ke munka sani. Ke ɗiyar Liman ce. Ki hwaɗa muna tsakaninki da Allah, in munka zaɓi wanda zai buɗe muna ruwa, wuta za mu?"

Na ce su ba ni zuwa Alhamis.

Na sami mahaifina yana gyara alƙalami. Na gaishe shi, ban buɗe littafi ba, na kwashe duka na faɗa masa. Ya saurara har na gama.

"Kulu, yaron nan Isiya, abin da ya hwaɗi a kan ruwa ban ce ƙarya ne ba," in ji shi. "Na je wurin maigari na gaya mishi, ni da shi, ba sau ɗaya ba. Amma malamin da ya hau motar 'yan siyasa, inda sunka nuhwa can za shi, ba inda ya yi niyya ba. Za ki gani."

Na ce, "Baba, ba Malam Isiya sunka tambaye ni ba. Cewa sunka yi ko zunubi ne."

Ya ajiye alƙalamin.

"Ki ruhe makarantarki har zaɓe ya wuce," ya ce. "In kinka buɗe baki, ba Kulu za a ce ta yi magana ba, gidan Liman za a ce ya rabu. Abin da ni ke roƙonki ke nan. Ban taɓa roƙonki komi ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Na dawo gida. Ban gaya wa mahaifinku ba, don na san zai ce in bi ubana, kuma ba na son in ɓuya a bayansa. Na yi ta juya abin har ranar Asabar. Da a ce ra'ayi matan nan suka tambaye ni, da na rufe ƙofa na kwanta ciwon ƙarya. Amma hukunci suka tambaya, kuma na san amsar, a bakin mahaifina ma na koye ta. Idan na yi shiru, Ige za ta tafi da tsoron wuta a kan abin da ba zunubi ba, kuma ni na bar ta da shi.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarmi kamar kullum. Na ce musu ƙuri'a shaida ce, kowace ta ba da ita inda ta ga gaskiya, babu zunubi a kan wadda ta zaɓi wannan ko wancan, kuma biyayya ga shugaba ba ta kai ga a tilasta wa mutum shaidarsa ba. Ban ambaci sunan kowa ba. Amma kafin magariba maganar ta shiga kowane gida, kuma kamar yadda mahaifina ya faɗa, ba wanda ya ce Kulu. Ranar zaɓe matan suka taru a ƙofar gidana, suka ce ba za su tafi ba sai da ni. Hanyar makarantar boko, inda aka ajiye akwati, ta gaban masallaci ta bi. Mahaifina yana zaune a inuwa da tasbaha. Na fita daga cikin mata na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, har ya tambayi jikin yayarku da ke fama da ƙyanda. Sa'an nan ya mai da idonsa ƙasa, ni kuma na tashi na bi su.

Malam Isiya ya ci, da ratar da ba a iya murɗewa ba. Ba a yi wata biyu ba maigari ya tara dattawa aka sauke kakanku daga limancin Juma'a, aka ba wani. Aka ce wanda bai iya riƙe gidansa ba, ba zai riƙe gari ba. Samari kuwa sun riga sun gina nasu masallaci a bakin tasha, sun koma can. Mutumin da ya ja gari salla tun kafin a haife ni ya koma ɗan masallacin ƙofar gidansa, da shi da tsohon ladaninsa Malam Ɗanjuma, da mahaifinku, wanda ya cika alkawarinsa bai bar sahun ba har ƙarshe. Alhamis ta zagayo na ɗauki littafi na tafi wurin mahaifina. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa. Da na buɗe shafin da muka tsaya, sai ya ce,

"Bar shi, Kulu. Karatunmu ya tsaya nan."

Bai zage ni ba, bai hana ni gida ba. Yana zuwa sunan 'ya'yana, yana cin tuwon da na aika. Amma bai sake biya mini ko layi ɗaya ba. Na sha zuwa da littafin a cikin mayafi, in zauna mu yi hirar damina da ta jikoki, in koma da shi ban fito da shi ba. Daga baya na daina ɗauka. Wanda bai san daɗin karatu a gaban uba ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Ni kuwa da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Game da fadama, ba zan rage wa kowa hakkinsa ba. Malam Isiya ya yi ta zirga-zirga har aka cire waya daga mashaya, aka mayar wa mutane ɓangaren gangare. Ige ta sami rakenta. Mahaifinku ya sami wani yanki na wurinsa, da shi muka yi muku makaranta. Amma ɓangaren tudu mai kyan ƙasa bai dawo ba, daga baya ma muka ji wasu manyan jama'ar durumi sun sami filaye a ciki. Malam Isiya ya ƙara gaba, ya koma Gusau da zama, sai da salla ake ganin motarsa. Su Yaha kuwa ba su jira an buɗe mashaya ba, sun riga sun tashi. Bayan shekaru na gan ta a kasuwar Zurmi ta tsufa, ta ce duk inda suka sauka sai su tarar an nome burtali, kuma ba su da mai tsaya musu, ba a fada ba, ba a masallaci ba. Abin da dajin nan ya zama daga baya kun san shi, kun kwana da shi. Ba na cewa waya ɗaya ce ta jawo, amma ni a wurinta na fara ganin mutane sun tashi da ɓacin rai ba wanda ya bi su ya ba su haƙuri.

Kakanku ya rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya, kansa a kan cinyata. Ya yafe mini na yafe masa, irin yafiyar da ake yi a wannan lokaci, ba mu taɓo tsohuwar magana ba. Na ci gaba da ɗaukar cewa kawai kore shi aka yi saboda ni, ba shi da ta cewa. Sai ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse da hantsi, Malam Ɗanjuma ladan ya aiko a kira ni zaure. Ya tsufa ƙwarai, da ƙyar yake gani. Ya ce akwai amanar da aka ce ya riƙe muddin mai ita yana raye, yanzu ya sauke.

Ya ce ranar da dattawa suka taru a fada, ba da niyyar sauke Liman suka zauna ba. Maigari cewa ya yi abu ɗaya ake so, ranar Juma'a Liman ya hau mumbari ya ce abin da ɗiyarsa ta faɗa wa mata ɓata ne, ba da yawunsa ba, kuma ya yi bara'a da shi. In ya yi haka limancinsa yana nan, har ɗansa ya gada.

"Ina zaune bayan Liman," in ji ladan. "Sai ya ce, ranka ya daɗe, ɗiyata ba ta hwaɗi ƙarya ba, ni na karantar da ita. Ban iya hawa mumbari in ƙaryata abin da na san haka shi ke. Ya miƙe ya aje sandar huɗuba gaban maigari, ya sa takalmi, munka fito."

Sai na ce, "To Baba Ɗanjuma, in haka ne, don mi ya yanke mini karatu?"

"Ni ma na tambaye shi," ya ce. "Cewa ya yi, gaskiya ta hwaɗi, kuma na roƙe ta ta ƙi. Duka biyun sun faru, Ɗanjuma, ban iya share ko ɗaya."

Na koma cikin gida na tarar mata suna wanke tukwanen sadaka. Na ɗaura zane na zauna a cikinsu na kama wanki, don kada a tambaye ni abin da ya sami idona.

Wannan shi ne kakanku. In wani ya sake ce muku mutumin maigari ne, ku gaya masa inda ya ajiye sandarsa. In kuma aka ce uwarku ta juya wa ubanta baya, kada ku yi musu mai tsawo, ku ce ta saɓa masa sau ɗaya, kuma shi da kansa ya ƙi ya ce ta yi ƙarya. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa mu da shi a inda babu sauran saɓani.